Sai da ta kai shekara 58 aka san sunanta: darasin June Brown

A makon jiya wata ɗalibata 'yar shekara 14 ta tare ni bayan an tashi, ta ce, "Malam, ni fa da na gama jarrabawar nan karatu ya ƙare, fim zan shiga." Na ce to wa ya koya miki? Sai ta ɗago wayar yayarta ta nuna min wani guntun bidiyo da ta yi, tana faɗa min yawan waɗanda suka kalla. Bayan kwana biyu kuma wani uba ya zo makaranta ransa a ɓace, wai an sa 'yarsa a wasan kwaikwayon ƙarshen shekara, shi kuwa bai kawo ta don ta zama 'yar dirama ba. Ɗaya na so, ɗaya na ƙi, amma tunaninsu ɗaya ne: duk suna ganin wasan kwaikwayo abu ne mai arha da ba sai an koya ba. Ni kuwa wata tsohuwa 'yar Ingila ce ta faɗo min a rai, sunanta June Brown.

A kwalejin horar da malamai na fara ganinta. Malamin da ke koya mana Turanci ya kunna mana kashi ɗaya na EastEnders, wasan nan mai dogon zango da BBC ta fara nunawa a watan Fabrairun 1985, wanda ke ba da labarin talakawan wata unguwa a gabashin Landan. Muna jiran mu ga faɗa ko soyayya, sai muka ga wata tsohuwa zaune ita kaɗai tana magana da na'urar ɗaukar murya. Kusan rabin awa, babu wanda ya shigo, babu wanda ya amsa mata. Wallahi da farko dariya muka yi. Kafin a kai ƙarshe, aji ya yi tsit.

An nuna wannan kashin ne a watan Janairun 2008. A cikin labarin, Dot, wato matar da June Brown take fitowa a matsayinta, tana ɗaukar saƙo a kaset domin mijinta Jim da ke kwance da ciwon shanyewar ɓarin jiki. A zahiri ma ɗan wasan da ke fitowa a Jim, John Bardon, wannan ciwon ne ya kama shi a 2007. Shi ne karo na farko da aka bar mutum ɗaya ya riƙe kashi guda daga farko har ƙarshe a irin waɗannan wasanni a Ingila, kuma saboda shi aka sa sunanta a jerin masu takarar kyautar BAFTA a 2009. Lokacin da ta yi wannan aiki shekararta 80. Tambayar da nake so ɗalibata ta yi wa kanta ita ce: daga ina tsohuwa ta samo wannan ƙarfin?

An haife ta a 1927 a Needham Market, wani ƙaramin gari a yankin Suffolk. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu ta yi aiki a sashen mata na rundunar sojan ruwan Birtaniya, bayan nan ta shiga makarantar koyon wasan daɓe ta Old Vic a Landan. Daga can sai dandamali. A wancan zamani kusan kowane babban gari a Ingila yana da gidan wasa da 'yan wasansa na dindindin, kuma ana sauya wasa a kai a kai, wasu duk mako, wasu bayan 'yan makonni. Da rana ana gwajin wasan da za a yi nan gaba, da dare a fito gaban mutane da wanda ake kai, a koma gida a ci gaba da hadda. Babu a yanke a sake. Idan ka manta layinka, a gaban jama'a ka manta shi. A irin wannan horo ta fito a Lady Macbeth ta Shakespeare, ta kuma fito a Hedda Gabler ta Ibsen, biyu daga cikin matsayi mafi nauyi da ake bai wa mace a wasan Turai.

Duk da haka ba ta yi suna ba. Ta leƙa Coronation Street a farkon shekarun 1970, ta fito a Doctor Who, ta fito a Minder, ƙananan fitowa nan da can, irin aikin da yau akwai gobe babu. Mijinta na farko ya rasu a 1957. Ta sake aure a 1958, ta haifi 'ya'ya shida, ɗaya ta rasu tana jaririya, ta raini biyar tana wannan fafutuka. Sama da shekara 30 tana sana'ar nan, amma da za ta bi kasuwa ba lalle wani ya waiga ba.

Sai a 1985, tana da shekara 58, aka kira ta EastEnders. Dot Cotton mace ce mai aiki a shagon wanki, sigari ba ya barin hannunta, ga gulma, ga ƙorafin ciwo kullum, ga jawo ayar Baibul a kowace magana. A hannun wata, abin dariya kawai za ta zama. June Brown ta mai da ita mutum. Ɗan Dot, Nick, ɓarawo ne ɗan ƙwaya, har ya taɓa yunƙurin sa mata guba, amma kullum ya dawo sai ta buɗe masa ƙofa. Duk wanda ya san uwar da ɗanta ya lalace ya san wannan fuskar. A shekarar 2000 aka yi labarin da ƙawarta Ethel, wadda ciwo ya ci ƙarfinta, ta roƙe ta ta taimaka mata ta mutu. Ni ban yarda da ɗaukar rai ba ko da sunan tausayi, ita ma Dot addininta bai yarda ba, kuma abin da 'yar wasan ta nuna ke nan: mace mai imani da ta aikata abin da ta san zunubi ne, nauyinsa ya zauna mata a ka. Ba a koyon irin wannan da guntun bidiyo.

Ku lura da yadda ake yin wasa mai dogon zango. Kashi huɗu a mako, shekara da shekaru, rubutu na zuwa ana haddacewa ana ɗauka, lokacin gwaji kaɗan ne. Wanda bai saba da hadda da kama lokaci ba, wata uku ya ishe shi. Ita ta fito a kashi fiye da 2,800. Ta tafi a 1993, ta dawo a 1997, ba ta bari ba sai a 2020 tana da shekara kusan 93, alhali ciwon ido ya riga ya rage mata gani sosai. Ta rasu ranar 3 ga Afrilun 2022 tana da shekara 95. Talabijin ce ta kai ta gidajen mutane, amma abin da ta kai musu a dandamali ta tara shi.

Na san akwai ta cewa. Wani zai ce ai sa'a ce. Akwai gaskiya a ciki, domin Leslie Grantham, ɗaya daga cikin 'yan wasan EastEnders, shi ya gan ta a wani wasa ya ba da sunanta, kuma akwai ire-irenta da yawa da suka tsufa a dandamali babu wanda ya kira su. Amma da kiran ya zo bai same ta hannu rabbana ba. Wani kuma zai ce Dot ta haɗiye ta: matar da ta yi Lady Macbeth ta ƙare mutane na kiranta da sunan mai wanki. Wannan ma haka ne, kuma farashi ne da duk mai neman suna ya kamata ya sani tun da wuri. Sannan ban manta ba, mu nan ba mu da makarantar Old Vic, ba mu da BBC, kuma damuwar uba game da kunyar 'yarsa da waɗanda za ta yi hulɗa da su ba abin raini ba ce. Ni ma ina da ƙanne mata.

To amma me ke cikin wannan sana'a idan aka tuɓe mata fitilu? Karatu da fahimta, hadda, fitar da murya, sauraren abokin magana, zuwa a kan lokaci, tsayuwa gaban jama'a ba tare da rawar baki ba. Ku duba da kyau, waɗannan su ne abubuwan da yaranmu suka fi rasawa idan sun shiga gasa da yaran wasu. Yaro ya san amsa, amma a ce ya miƙe ya faɗa da Turanci, sai ya sunkuyar da kai. Mu da muke tsiraru a ƙasa, wanda bai iya buɗe baki ba wasu ne za su yi magana a madadinsa. Wasan kwaikwayo na makaranta, da rana, a gaban iyaye, da rubutun da kowa zai iya dubawa, yana daga cikin hanyoyi masu arha na gyara wannan. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a rufe shi, kamar yadda kuskure ne yarinya ta bar aji dominsa.

Uban nan na ba shi rubutun wasan ya tafi da shi gida, na ce ranar gwaji ya zo ya zauna a baya ya gani da idonsa. Bai ce ya yarda ba, ya dai ce zai duba. Ita kuwa ɗalibar, na ba ta shafi ɗaya na ce ta haddace zuwa Litinin, ta faɗa a gaban aji ba waya ba takarda. Ta zo ta kai rabi ta kakare, 'yan aji na ƙunshe dariya. Da aka fita ta ce, "Malam, ashe da wuya." Na ce shafi ɗaya ke nan, wata ta yi rabin awa ita kaɗai tana da shekara 80. Ta nemi in ƙara mata mako ɗaya, na ƙara mata, da sharaɗin kada ta yi fashin darasin lissafi. Allah ya shirya mana su.