"Ya Ce" Daban, "Wai" Daban: Mu Koya wa Yaranmu Amanar Ɗauko Magana



A wannan fitowa ina so in kawo shawara guda: makarantarmu ta ware lokaci don koya wa ɗalibai kalmomin da ake ɗauko maganar wani da su, irin su "ya ce", "an ce", "ya tabbatar", "yana ganin" da "ya yi iƙirari". Wani zai ce abin bai kai ya kawo ba. Ni kuwa ina ganin a nan ne ake gane ɗalibi mai amana, kuma a nan ne masu zurfafa karatu da Turanci suke yawan tuntuɓe.

Daga cikin yaran da ke zaune a ajujuwanmu yau, in Allah ya yarda akwai waɗanda za su shiga Jami'ar Ummul Ƙura, akwai masu komawa Kano ko Zariya ko Yamai, akwai masu wucewa Ingila ko Malesiya. Wanda ya ɗauki likitanci ko injiniyanci, Turanci zai karanta ko da a nan Saudiyya ne. Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha da aka buɗe a Suwal a 2009 ma ta masu digiri na biyu da na uku ce, kuma da Turanci take koyarwa. A wannan mataki kaso mai yawa na kundin ɗalibi ɗauko maganganun waɗanda suka riga shi ne, kowace magana kuwa sai an zaɓa mata kalmar da za ta ɗauke ta.

Masana harshe sun daɗe da lura da haka. A 1991 Geoff Thompson da Ye Yiyun sun nuna cewa kalmar da marubuci ya zaɓa wajen ɗauko maganar wani tana ɗauke da hukuncinsa a kan maganar. A 1999 Ken Hyland ya duba muƙalu 80 daga fannoni takwas, ya ga kowane fanni da irin kalmomin da ya fi so: masana falsafa da zamantakewa sun fi amfani da kalmomin muhawara, masana kimiyya da injiniyanci kuma sun fi amfani da na bayar da rahoto. Saboda haka idan mai bincike ya rubuta "suggest", wato sakamakonsa alama kawai yake nunawa, sai ɗalibi ya ɗauko shi da "prove", wato ya tabbatar, ya jingina wa mutum abin da bai faɗa ba. Idan ya ɗauko malamin da yake dogara da shi da "claim", mai karatu zai iya ɗauka yana shakkar malamin ne. Idan kuma daga farko har ƙarshe bai san komai ba sai "say", ba a gane inda shi kansa ya tsaya.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun tace shi ƙarnoni da yawa kafin waɗannan binciken. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643 bayan Hijira, ya jera hanyoyi takwas na karɓar hadisi a Muƙaddimarsa, daga ji kai tsaye a bakin malami har zuwa tsintar rubutunsa, ya kuma bayyana lafazin da ya dace da kowace. An san Imamu Muslim da bambanta "haddasana", abin da aka ji daga bakin malami, da "akhbarana", abin da aka karanta wa malami yana saurare. A hadisan da Imamul Bukhari ya kawo ba tare da farkon isnadinsu ba, malamai suna bambanta inda ya yi amfani da lafazin yankewa kamar "ƙala" da inda ya yi amfani da na sassautawa kamar "yuzkaru" ko "yurwa". Imamun Nawawi ya ja kunne kada a kawo hadisi mai rauni da lafazin yankewa. Kalmar "an", mai harufa biyu kacal, idan ta fito daga bakin wanda aka sani da ɓoye malaminsa, ba a karɓa sai ya fito fili ya ce ya ji. Ana koyar da wannan a Masallacin Harami da Darul Hadis ta Makka. A ƙasar Hausa ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh don ya faɗi malaman da ya yi karatu a wurinsu.

Hausa kanta tana da nata ma'auni. Duba waɗannan: "Liman ya ce gobe ne", "An ce gobe ne", "Wai gobe ne". Labari ɗaya, nauyi uku. A ta farko akwai wanda za a je a tambaya. A ta biyu mai maganar ya ɓace. A ta uku mai kawo labarin ya zare hannunsa tun kafin ya gama. Yaron da ya tashi a Misfala ko Shari'ul Mansur yana jin wannan bambanci a gida tun kafin ya iya ba da sin. Abin da ya rage kawai a nuna masa cewa "wai" 'yar'uwar "ƙila" da "za'ama" ce a Larabci, kuma tana da dangi a Turanci.

Na san za a ce manhaja ta cika, yara kuma ƙanana ne, digiri na biyu yana nesa. Amsata ita ce ba sabon darasi nake nema ba. Minti goma a cikin darasin insha'i ko na Musɗalahul Hadis sun isa. Malam ya ba da gajeren sakin layi, ɗalibai su ɗauko shi sau uku: a matsayin wanda ya yarda, wanda yake shakka, da wanda bai ɗauki ɓangare ba. Su yi da Larabci, su yi da Hausa, manyan aji su ƙara da Turanci. Game da ƙuruciya kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya shekara ashirin yana mayar da "wai" ta zama "tabbas", ba mai duba kundinsa ne zai gyara shi cikin wata shida ba. Kuma ko yaro bai taka jami'a ba, zai yi shaida, zai kai saƙo tsakanin dangi, wataƙila ya yi wa alhazai tafinta gaban likita, inda bambancin "likita ya ce" da "likita yana tsammani" zai iya shafar lafiyar mutum.

Iyaye, rabonku ya fi namu girma. Idan yaro ya shigo da labari, ku tambaye shi: wa ya faɗa? Kai ka ji da kunnenka, ko gaya maka aka yi? Idan saƙo ya shigo ta WhatsApp da sunan wani malami, kada ku tura shi da "Malam ya ce" sai kun tabbata daga gare shi yake. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari, yara kuwa abin da suka ga ana yi suke kwaikwayo.

Ku kuma ɗalibai, kafin ku rubuta "ya tabbatar", ku koma ga littafin ku duba ko mai shi ya tabbatar ɗin ne, ko zato ya yi. Maganar mutum amana ce a hannunku, ku isar da ita da nauyinta, ba ƙari ba ragi.

Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana, ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu. Wassalamu alaikum.