RA'AYINMU: Kafin Mu Ce "Masana Sun Tabbatar"

 

Akwai wata kalma da ta yawaita a bakunanmu a 'yan shekarun nan, a kan mumbari da zaurukan karatu da kuma saƙonnin da ake turawa ta waya, ita ce: "Masana kimiyya sun tabbatar." Da zarar mai magana ya furta ta sai wuri ya yi tsit, kamar an kawo nassi yankakke. Babu mai tambayar su wane ne masanan, a ina suka yi binciken, mutum nawa suka gwada, kuma shin an sami wani ya sake gwadawa ya tarar da abin da suka tarar. Abin mamaki kuwa shi ne, mu ne mutanen da idan aka kawo mana hadisi ba ma sakin mai kawowa sai ya faɗi wanda ya ruwaito da matsayin riwayar, amma idan aka ce wani malami a wata jami'ar Turai ya gano kaza game da halin ɗan Adam, sai mu haɗiye ba tare da tauna ba, ko kuma mu tofar ba tare da ɗanɗanawa ba. Duka biyun ba aikin mai ilimi ba ne.

Bari mu fara da wani labari da ya shafe mu kai tsaye. A watan Nuwamba na 2015 mujallar Current Biology ta buga binciken Jean Decety na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa. Sun gwada yara 1,170 'yan shekara 5 zuwa 12 a ƙasashe shida: Amurka, Kanada, Sin, Jordan, Turkiyya da Afirka ta Kudu. Aka ba kowane yaro 'yan hotuna masu mannewa ya zaɓi guda 10, sa'an nan aka ce yana iya ɗiba daga ciki ya bar wa wani yaro da bai samu ba. Sakamakon da suka shelanta shi ne, wai 'ya'yan gidajen addini, Musulmi da Kirista, sun fi 'ya'yan marasa addini rowa. Manyan jaridun duniya, ciki har da Guardian ta Ingila, suka ɗauki labarin suka yayata, maƙiya addini kuma suka same shi kamar an ba mai jin yunwa tuwo.

To, da me aka rushe wannan magana? Ba da zagi ba, ba kuma da huɗuba ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Azim Shariff ya ga sakamakon ya saɓa wa abin da sauran bincike suka nuna, sai ya nemi a ba shi ainihin alƙaluman da aka tattara. Decety kuwa, a yaba masa a kan wannan, ya bayar. Da Shariff da abokansa suka duba sai suka gano kuskuren: an ba kowace ƙasa lamba domin bambanta ta da sauran, 1 zuwa 6, amma a wurin lissafi sai aka bar kwamfuta ta ɗauki waɗannan lambobi a matsayin ma'auni, kamar a ce ƙasa ta 6 ta ninka ta 2 sau uku. Alhali kuwa yawancin yaran Musulmi daga Jordan da Turkiyya suke, saboda haka bambancin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa sai ya bayyana da rigar bambancin addini. Da aka gyara lissafin, maganar rowar 'ya'yan masu addini ta ɓace. An buga wannan gyara a 2016, amma ba a janye maƙalar ba sai a 2019, kuma labarin janyewar bai kai ko kusa da inda labarin farko ya kai ba.

Muna jin wasu 'yan'uwa za su yi kabbara a nan. To, su dakata tukuna, domin wuƙar nan baki biyu gare ta. A 2008 Nina Mazar da On Amir da Dan Ariely sun buga wani gwaji da ya yi wa masu wa'azi daɗi ƙwarai: wai idan aka sa ɗalibai su tuno da dokoki goma na Attaura kafin a ba su wani aikin lissafi da ake biyan kuɗi a kansa, sai su daina maguɗi. An daɗe ana kafa hujja da shi cewa kimiyya ta shaida tasirin tunatarwar addini. A 2018 aka sake wannan gwaji a wurare 19 da mutane sama da 4,600, ba a ga raguwar maguɗin ba. Shin wannan yana nufin tunatarwa ba ta da amfani? Ko kusa. Amfanin tunatarwa ba daga ɗakin gwajin wata jami'a muka karɓo shi ba, balle faɗuwar gwajin ta tafi da shi. Abin da yake nufi shi ne, wanda ya jingina gaskiya a jikin rusasshen bango ya cuce ta, domin ranar da bangon ya faɗi, mai saurarensa zai ɗauka gaskiyar ce ta faɗi.

Waɗannan biyun ba su kaɗai ba ne. A 2015 wata tawaga ta masu bincike 270, ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na Jami'ar Virginia, ta ɗauki bincike 100 da aka buga a 2008 a manyan mujallu uku na ilimin halayyar ɗan Adam, ta sake yin kowanne bisa tafarkin masu shi. A asali 97 daga cikinsu sun ce sun sami sakamako tabbatacce. Da aka maimaita, kimanin kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake bayar da irinsa, ƙarfin tasirin da aka gani kuma ya sauko zuwa kusan rabin wanda aka faɗa da farko. A 2018 wani aikin haɗin gwiwa ya sake gwada sanannun sakamako 28 da mutane sama da 15,000 a ƙasashe da yankuna 36, sai 15 ne suka tsaya.

Bai kamata a fahimci cewa duk waɗannan malamai maƙaryata ne ba. Mafi yawansu ba da gangan suka ɓata ba, tsarin ne ya karkata. Mujallu sun fi son sabon abu mai ban mamaki, ƙarin girma a jami'a kuma yana rataye ne da yawan abin da mutum ya buga. Saboda haka wanda ya yi gwaji bai ga komai ba sai ya jefa takardunsa a akwati, wanda kuma sa'a ta faɗo masa a gwajin mutum ashirin ko talatin sai ya garzaya ya buga. Wani kuma zai yi ta juya lissafi, ya cire wannan ya ƙara wancan, har sai wani abu ya fito, sa'an nan ya rubuta kamar dama abin da ya fita nema ke nan. Kamar maharbi ne da ya harba kibiya a jikin bango, daga baya ya je ya zana da'ira kewaye da ita.

Ɗaliban hadisi ba baƙi ba ne ga maganin wannan cuta. Malamanmu ba su wadatu da jin riwaya daga mutum guda ba, sukan bi hanyoyi su nemi wanda ya yi masa mutaba'a ko wata riwaya da za ta zame masa shaida, kuma idan amintacce ya saɓa wa waɗanda suka fi shi ƙarfi, sai a ce riwayarsa shazza ce. Sun kuma san cewa isnadi yana iya zama lafiyayye a zahiri alhali akwai ɓoyayyar illa a cikinsa, wadda ba ta bayyana sai an tara hanyoyi an gwama. Kuskuren Decety irin wannan illa ce: malamin sananne, jami'ar babba, mujallar mai daraja, amma cutar tana can cikin alƙaluma. Sai dai kada mu wuce iyaka a kamantawa. Mai hadisi yana auna maza ne, domin abin da aka ruwaito ya riga ya wuce, ba ya dawowa. Mai gwaji kuwa yana da wata dama da mai hadisi ba shi da ita, wato ya sake yin abin da hannunsa ya gani da idonsa. Wanda yake da wannan dama ya ƙi amfani da ita, uzurinsa ya fi ƙaranci.

Amma ta yaya za a gwama abin da aka ɓoye? A 2006 Jelte Wicherts da abokansa a Jami'ar Amsterdam sun ba da rahoton cewa sun nemi alƙaluman maƙaloli 141 daga masu su, bayan wata shida kashi 27 cikin 100 ne kawai suka bayar, ko da yake ƙa'idar ƙungiyar da ke buga mujallun ta wajabta bayarwa. A 2011 suka ƙara nuna cewa maƙalolin waɗanda suka hana sun fi yawan kurakuran lissafi. A wannan shekarar ce kuma asirin Diederik Stapel ya tonu, shugaban tsangaya a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, wanda ya shekara da shekaru yana ƙirƙiro alƙaluma da kansa yana miƙa wa ɗalibansa, yana ce musu shi ya je makarantu ya tattaro. Wasu matasa uku masu bincike ne suka kai ƙararsa, daga baya aka janye maƙalolinsa 58. Da a ce al'ada ce a tambayi malami ina takardun, da bai kai haka ba.

Mu kuma a wannan nahiya muna da ƙarin dalilin yin hattara. Wani nazari na 2008 ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka gwada a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen Yamma suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba, amma sai a rubuta sakamakon da sunan "ɗan Adam". Manomin albasa a Aliero ya fi su sanin ƙa'ida: ba ya cika gonarsa da sabon iri don mai sayarwa ya yabe shi, sai ya gwada a wani ɗan gefe, kuma ya san abin da ya yi kyau a fadama ba lalle ne ya yi a jigawa ba. Idan kuma aka zo maganarmu mu, abin ya fi muni. A 2002 Richard Lynn da Tatu Vanhanen sun fitar da littafi da jadawalin kaifin basirar al'ummomin duniya, suka ba Nijeriya maki 67, adadin da a ma'aunin likitoci yake cikin sahun masu tawayar ƙwaƙwalwa. Ƙasar Ikwatoriyal Gini kuwa suka ba ta 59, daga baya aka gano an ɗauko wannan lamba ne daga gwajin wasu yara a gidan masu tawayar ƙwaƙwalwa a ƙasar Sifen. A 2010 Wicherts ɗin nan da abokansa suka bi diddigin madogaran, suka nuna yadda aka yi watsi da gwaje-gwajen da 'yan Afirka suka ci maki mai yawa. Duk da haka an ci gaba da gina maƙaloli a kan wannan jadawali, har sai da mujallar Psychological Science ta janye guda a 2020.

Yanzu mu dawo gida, domin ba daidai ba ne mu ga tsinke a idon wani mu manta da namu. Wanda duk ya zauna a babbar makaranta a ƙasar nan ya san yadda ake cika takardun tambayoyi idan lokacin miƙa kundin kammala karatu ya matso: ɗalibi ya zauna a ɗaki da alƙalami kala uku, shi ne manomi, shi ne matar aure, shi ne hakimi, kafin asuba mutum ɗari biyu sun "amsa". Wani ma ba ya wahalar da kansa, sai ya biya a shagon buga takardu a haɗa masa babi na huɗu. Ba mu nuna wata makaranta da yatsa ba, domin cutar ta game gari. Abin da muke cewa shi ne, wannan shaidar zur ce, ko da an sa mata bango mai kyau an ɗaure da zare, kuma gobe wani zai ɗauko kundin ya kafa hujja da shi a kan shaye-shayen matasa ko mutuwar aure ko karatun 'ya'ya mata, a yanke wa al'umma hukunci da amsoshin da babu wanda ya bayar.

Su masu wannan fanni sun fara gyara. Tun daga 2013 wasu mujallu suke karɓar tsarin bincike su tantance shi kafin a tattara alƙaluma, su yi alkawarin bugawa ko me sakamakon ya zama, kuma akwai rumbun Open Science Framework a intanet inda mai bincike yake ajiye niyyarsa da alƙalumansa kyauta kowa ya duba. Babu abin da ya hana 'ya'yanmu da ke jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da na kwalejin kimiyyar lafiya da ke nan Jega, su shiga wannan sahu tun yanzu. Ɗalibi ya rubuta abin da zai auna da yawan waɗanda zai tambaya, malaminsa ya sa hannu kafin ya fita. Idan mutum 60 ya samu a ƙauyukan Maiyama, ya rubuta 60, kada ya mayar da su 300. Ya adana takardun amsoshin, ya cire sunayen mutane da duk abin da zai sa a gane su, domin sirrinsu amana ne a hannunsa, sa'an nan ya bai wa duk wanda ya nema. Malamai kuma su yarda ɗalibi ya ɗauki binciken da aka yi a Amurka ya sake shi da Hausa a tsakanin mutanenmu, su karɓi kundinsa ko da ya dawo ya ce bai ga abin da aka ce ana gani ba.

A namu ɓangaren, daga fitowa ta gaba, duk wanda ya aiko wa wannan mujalla da rubutu mai ɗauke da "bincike ya nuna", to ya haɗo da sunan mai binciken, da shekarar, da yawan waɗanda aka gwada, da kuma ko an sake gwadawa. Wanda bai haɗo ba za mu mayar masa da takardarsa ya cika.