ZAUREN ANTI: Ki Bar Inna Ta Buga Lidonta

 

A wannan fitowar zan amsa wata wasiƙa ce da ta zo mini daga nan garinmu Ɗanbatta, daga wata 'yata 'yar aji biyar a sakandare. Ta ce yayanta da ke aiki a Kano ya sayo wa mahaifiyarsu babbar waya, tun daga ranar Inna ta hana ta sakat, wai lallai sai ta sa ta a wani zauren WhatsApp na manyan mata masu buga lido ta waya. Ita kuwa kunya take ji, kada ƙawayenta su ji labari su ce tsohuwa ta zama 'yar gayu. Shi ne take tambaya, ta sa ta, ko ta yi ta yi mata hanya-hanya har ta manta?

Haba 'yata! Ai ni Antinku da kuke gani na ba hamsin baya, kuma ina cikin irin wannan zaure, don haka abin da na sani zan faɗa miki. Ki sa ta, yau ba gobe ba.

Ki tsaya ki dubi yinin mahaifiyarki da idon basira. Babanki in ya dawo daga gona yana da majalisarsa a gindin darbejiya, yana da abokan hira, ran Lahadi ya shiga kasuwar Ɗanbatta ya gaisa da mutanen ƙauyuka. Tsofaffi maza tun kaka da kakanni suna da dara, a haƙa gurabe 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, a yi ta ci ana shewa har a kira magariba, ba wanda ya taɓa cewa sun yi abin kunya. To ita fa Inna? Da can gida cike yake, ga daka, ga surfe, ga goyo, ba ta da lokacin kaɗaici. Yanzu inji ya karɓi niƙa, yayyenki mata an kai su Kazaure da Bichi da Kano, mazan sun tafi neman na kansu, ke kina makaranta. Ƙawayenta da suka yi gaɗa a dandali da carafke a tsakar gida aure ya warwatsa su, ba a haɗuwa sai biki ko suna ko gaisuwar mutuwa. Daga ita sai rediyo. Wallahi kaɗaici ciwo ne, sai dai iyayenmu ba su iya faɗa ba, sai ki ga kawai sun yawaita faɗa da ƙorafin ciwon jiki.

Shi kansa lidon ba baƙo ba ne a wurinta. Asalinsa daga wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi, Turawan Ingila suka yi masa kwaskwarima suka yi rajistarsa a 1896, daga baya ya iso mana a kwali da gilashi a kai, har amare kan ajiye shi a ɗaki don masu zuwa tayin hira. A 2016 wani kamfani a Indiya ya fito da manhajar Ludo King, ta kuma yi tashe sosai a 2020, lokacin kullen korona, wanda mu nan Kano aka rufe mu a gida tun watan Afrilu. Tun daga nan mata da yawa suka gane ana iya wasa da mutum ko da yana wata uwa duniya.

Yadda ake yi ba wuya. Mace ɗaya za ta buɗe ɗakin wasa a manhajar, a ba ta wata lamba, ta tura lambar a zaure, duk wadda ta shigar da ita sai ta tsinci kanta a wasan. Kowacce da launinta da 'ya'yanta 4, ba ki fita daga gida sai kin yi siki, wato 6, in aka taka ki kuwa sai ki koma gida. A namu zauren akwai 'yan Ɗanbatta da Makoɗa da Kazaure, har da wadda aure ya kai Maraɗi. In an gama sai tsiya ta tashi ta saƙon murya, wannan ta ce an yi mata taron dangi, waccan ta ce yau dara ta ci gida, ki ji dattijuwa tana dariya har da ƙyaƙyatawa. Ba a nan abin ya tsaya ba, ranar da aka ga wata ba ta leƙo ba kwana biyu sai a bugo a ji ko lafiya. Ta haka muka san ɗaya daga cikinmu tana kwance, muka haɗa abin dubiya aka kai mata. Ki gaya mini, wannan wasa ne ko zumunci?

Amma fa 'yata, tunda ke ce mai ilimin boko a gidan, ke ce kuma mai gadi. Ga abubuwa 4 da za ki riƙe.

Na farko, ki bincika su waye a zauren. In na mata ne zalla, kuma wadda Inna ta sani ido da ido ce ta gayyace ta, to madalla. In kuwa tarkacen maza da mata ne da ba a san asalinsu ba, ki ba ta haƙuri ku nemi wani. Kuma a sanar da Baba tukuna, kada abin alheri ya jawo ɓacin rai a gida.

Na biyu, ba kuɗi a ciki. Da zarar an ce kowa ta zuba ɗari biyar wadda ta ci ta kwashe, ko da katin waya ne, to ya tashi daga wasa ya koma caca, kuma caca haramun ce, ba ruwanta da tsufa ko ƙuruciya.

Na uku, 'yan damfara. Akwai masu bugowa da murya mai daɗi su ce daga zaure suke, za a yi taro, an turo lamba 6 ta saƙo a karanto musu. Wannan lambar ita ce makullin WhatsApp ɗinta, in ta bayar sun ƙwace shi, su shiga roƙon 'yan'uwa kuɗi da sunanta. Ki ja mata kunne, ki kuma sa mata lambar sirri ta biyu da manhajar ta tanada.

Na huɗu, akwai malamai da dama da suka hana duk wasan da ake jefa dayis, ko babu kuɗi. In zuciyar Inna ba ta kwanta ba, ta tambayi malaminta na Islamiyya ta bi abin da ya ce. Zauren bai mutu ba don wannan, mu ma akwai daren da muke ware wa kacici-kacici da ƙarasa karin magana, a nan kuwa tsofaffi ne gwanaye. Sannan kowane wasa ne, in an kira salla a ajiye waya.

Saura ke. In kina koya mata kada ki yi tsaki, kada ki fizge wayar ki ce kawo in yi miki, ki riƙe yatsanta ki nuna mata sau goma, ita ma haka ta yi da ke ranar da kike koyon tuƙa tuwo. Kuma kada in ji an fake da koya wa Inna lido ana hira da saurayi da datarta, na san halinku sarai!

'Yan matana, wata rana ku ma za a kai ku ɗakunanku, ku haifa, ku aurar, gida ya yi muku faɗi. Abin da kika shuka shi za ki girba. Mu haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.

Taku har kullum,
Antinku.