Ragamar tsuntsu da igiyar ƙafar kaza: ina amfanin, ina illar?



Kwanan nan bidiyoyi sun yi yawa a TikTok da Facebook na masu yawo da aku a kafaɗa, an sa masa wata 'yar ɗamara da ta zagaye jikinsa, da igiya a hannun mai shi. Har wasu matasa sun fara tambaya ko su yi odarta daga ƙasar Sin su riƙa sayarwa, wasu kuma suna tambaya ko za ta yi wa talo-talo ko zakaran da suke ji da shi. Ni ragamar tsuntsu nake kiranta, don aikinta ɗaya da ragamar doki. Ra'ayina kuwa shi ne: igiya a jikin tsuntsu abu ne na ɗan lokaci, kana tsaye a kansa. Ranar da ta zama ita ce ɗakinsa, to ka fara asara, kuma ka ɗauki haƙƙinsa.

Ɗaure tsuntsu ai ba yau muka fara ba. Iyayenmu mata suna ɗaure sabuwar kaza a turke kwana biyu ko uku har ta saba da gida. Masu tattabara suna ɗaure fiffike ko su fige shi don kada ta koma inda aka sayo ta. Masu aku suna sa masa sarƙa a ƙafa. Wanda kuma ya taɓa shiga wajen masu kaji a kasuwar Sabon Gari, wato kasuwar Abubakar Rimi, ya ga yadda ake sauke kajin ƙauye an haɗa ƙafafunsu da tsumma ko zaren buhu. Ragamar zamani ƙanwar waɗannan ce, don haka gara mu auna su gaba ɗaya.

Kafin mu auna, akwai abu biyu game da jikin tsuntsu da ya kamata kowane mai kiwo ya riƙe.

Na farko numfashi. Mu mutane, da akuya da tunkiya, muna da wani faifan nama tsakanin ƙirji da ciki, shi ke jawo mana iska. Tsuntsu ba shi da shi. Jakunkunan iska gare shi, kaza tana da guda 9, kuma ƙashin ƙirjinsa ne ke ɗagawa yana sauka don iskar ta shiga ta fita. Duk abin da ya matse ƙirjin nan, ko hannunka ne ko ɗamara, ya hana shi numfashi. Shi ya sa yaro zai rungume ɗan tsako don so, ka ga ɗan tsakon ya mutu a hannunsa. Ga shi kuma tsuntsu ba ya gumi. Zafin jikin kaza yana kai maki 41 zuwa 42, kuma da haki take fitar da shi. Ka tuna yadda Kano take a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura maki 40. Tsuntsun da ke haki a wannan yanayi, ka ƙara masa da ɗamara a ƙirji, me kake jira?

Na biyu ƙafa. Larabawan yankin Galf masu farauta da shaho suna ɗaura masa igiyar fata a ƙafa, kuma ba ta yi masa komai, domin da ƙafar yake cafke abin farauta, ƙaƙƙarfa ce. Aku ba haka yake ba. Idan ya firgita ya zabura da ƙarfinsa, sarƙa ta fizgo shi, ko ƙashi ya karye ko gaɓa ta goce. Wanda ya ga Balarabe da shaho ya je ya kwaikwaya a kan aku, ya cuci akun.

To ina amfanin ragamar? Gaskiya tana da shi, ba zan ɓoye ba.

Ta fi sarƙar ƙafa nesa ba kusa ba. Mai kyau daga cikinta, irin su Aviator, tana ratsawa ta kafaɗa da ƙarƙashin fiffike, igiyarta kuma mai talewa ce, don haka idan tsuntsu ya zabura nauyin ba ya faɗawa kan ƙafa ɗaya.

Tana ba shi damar shan rana. Tsuntsu yana buƙatar hasken rana kai tsaye don jikinsa ya samar da bitamin D3, wanda shi ke sa ya amfana da sinadarin kalsiyam. Hasken da ke yin wannan aiki ba ya ratsa gilashin taga. Aku mai toka-toka da jan wutsiya an san shi da matsalar ƙarancin kalsiyam, har ya kai ga jijjiga. A Fagge da Sabon Gari, inda gida ke manne da gida, bene kan bene, wani tsuntsun sai ya shekara a lungun da rana ba ta leƙawa.

Sannan tana sa ba sai ka yanke masa fiffike ba. Gashin da aka yanke da almakashi ba ya dawowa sai tsuntsu ya zubar da shi ya sake sabo, kuma hakan na iya ɗaukar watanni. Idan za ka kai shi wajen likitan dabbobi ko za ka tashi daga gida, ragama tana rage fargabar ya tsere.

Yanzu ga illolin, kuma a wurina sun fi nauyi a irin unguwanninmu.

Ba a sa wa tsuntsu ragama rana ɗaya. Masu yin abin da kyau suna kwashe makonni suna saba masa: yau ya gan ta, gobe ya taɓa ta da baki a ba shi gyaɗa, jibi ya zura kai da kansa. Wanda aka danne aka cusa masa da ƙarfi, zai daina yarda da hannunka, wani ma ya fara fige gashin jikinsa don damuwa. Nawa ne a cikinmu ke da wannan haƙurin bayan an wuni a kasuwa?

Girman ma matsala ne. Aku babba nauyinsa kusan giram 400 zuwa 500 ne, kanari kuwa giram 20 ne ko kusa da haka. Ragamar da aka yi oda a intanet ba a gwada ba, ko ta matse ƙirji da jakar abincin da ke gindin wuya, ko ta yi sako-sako ya zare jiki. Kanari da sauran ƙananan tsuntsaye kam kada ma ka soma. Shi kuma aku, bakin da yake fasa ƙwaya mai tauri da shi ba zai gagara tsinka zare ba.

Sai ka dubi inda za ka fita da shi. Daga Wapa zuwa Kantin Kwari, daga Bata zuwa 'Yan Kura, hon ɗin adaidaita sahu ne da ƙarar janareta da yara masu son taɓawa. Idan igiyar ta kufce daga hannunka, tsuntsun zai tashi yana jan ta, ga wayoyin lantarki sun yi saƙa a saman kowane layi. Wanda ya tsere ba igiya yana iya dawowa ko wani ya kama shi. Wanda ya tsere da igiya, rataye shi za ta yi a waya ko a reshe. Kuma ragama ba ta hana shirwa kawo sura, ba ta hana muzuru tsalle.

Babbar illar da ta shafe mu masu kiwo ita ce cuta. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. A farkon 2015 ta dawo, aka same ta a gonaki da kasuwannin kaji na Kano. Ita da cutar Niyukasil, mai murɗe wa kaza wuya, duk suna bin kashin tsuntsu da takalmi da kwando. Mutumin da ya ɗauki tsuntsunsa ya zaga kusa da kasuwar kaji don a gani a yaba, ya dawo gidan da yake da burola 100, shi ya buɗe wa cuta ƙofa da hannunsa.

Masu tunanin kasuwancin aku kuma su saurara. Tun taron CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sa aku mai jan wutsiya a jerin farko, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. Wanda aka kamo daga kurmi yana babba ma ba zai taɓa karɓar ragama da daɗin rai ba. Matashin da ke neman inda zai sa ɗan jarinsa, ba nan ba ne.

Mu dawo kan kaji, tunda nan kuɗinmu yake. Kaza da talo-talo da zabo ba su da buƙatar ragama ko kaɗan. Abin da ya shafe su shi ne igiyar ƙafa.

Na san dalilin da ya sa ake ɗaurewa. Ba ta cin ko kwabo. Tana hana kaza shiga gidan maƙwabta ta jawo faɗa, tana hana ta faɗawa kwata, tana hana ɓarawo samun sauƙi. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya da iyali biyar, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ka lissafa abin da take ci maka. Zaren buhu da robar tayar keke suna nutsewa cikin fata, jini ya daina gudu, ƙafa ta kumbura. Kazar da ke ɗingishi ba ta cin abinci yadda ya kamata, mai saye kuma da ya ɗaga ta ya ga ƙafar sai ya karya farashi. Ka ɗaure ta a inuwa da safe ka tafi kasuwa, kafin azahar inuwar ta gusa, ta kifar da ruwanta da igiyar, ba ta da wurin gudu. Uwa mai 'yan tsaki idan tana ɗaure, shirwa ta sauko, ba ta iya bin 'ya'yanta ta kare su. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to ina ga wadda aka ɗaure?

Haka wajen jigila. A haɗa ƙafafun kaji a rataya su kai ƙasa tun daga kasuwar Wudil ko Ɗambatta har cikin gari, kayan cikinsu suna danne musu huhu, tunda ba su da wancan faifan naman da zai tare. Burola ta fi shan wahala: cikin sati 6 ta haura kilo 2, ƙafafunta kuwa ba su gama ƙwari ba. Idan aka fige ta za ka ga jini ya kwanta a cinya da gwiwa, masu gidan abinci kuma ba sa son irin wannan naman. Lokacin Sallah da Kirsimeti, da cinikin zakaru da talo-talo ke tashi a Sabon Gari, a nan aka fi yin wannan asarar, domin kowa yana gaggawa.

Wani zai ce, malam, kakanninmu sun yi ta ɗaure kaji kuma ba su ƙare ba. Haka ne. Sai dai su kazar Hausa suke ɗaurewa, marar nauyi mai juriya, a gida mai fili da bishiya, kuma akwai mai lura da ita duk wuni. Kai kuwa noila ko burola ka saya da tsada, ka ciyar da ita abincin buhu, a tsakar gidan siminti da ke ɗaukar zafi kamar tanda. Ba lissafi ɗaya ba ne.

To me za a yi? Sabuwar kaza, ka kife ta da babban kwando ko ka sa ta a akurki, da ruwa da abinci, a inuwa. Dama ya kamata duk sabon tsuntsu ya yi aƙalla sati 2 a ware kafin ya haɗu da na gida, ka ga ta saba da wuri, kai kuma ka tabbatar da lafiyarta. Uwa da 'yan tsaki, ka sa kafinta ya haɗa maka akurkin katako da waya marar ƙasa, wanda za ka iya ja daga rana zuwa inuwa. Tattabara, ka rufe ta a ɗakinta tare da abokin zamanta har su yi ƙwai, da wuya ta bar ƙwanta ta tafi. Jigila kuwa, kwando ko kireti, da sassafe ko bayan la'asar, kada ka cunkusa.

Idan ɗaurin ya zama dole, misali daga kasuwa zuwa gida, ka yi da tsumma mai faɗi mai laushi, kada ka tamke har ya nutse, ka riƙe kazar a ƙarƙashin hannunka kanta sama, ka kwance da zarar ka isa.

Mai aku da ya riga ya mallake shi kuma yana son ragama: ya sami daidai girmansa, ya tabbatar yatsa yana shiga tsakaninta da ƙirji, ya saba masa a hankali cikin ɗaki, ya fita da shi da safe na ɗan lokaci a wuri marar hayaniya, igiyar tana maƙale a wuyan hannunsa. Kada ya ɗaure ta a ƙarfe ko reshe ya juya baya ko na minti ɗaya. In ba zai iya wannan ba, ya fitar da kejin tsakar gida na ɗan lokaci, rabi rana rabi inuwa, ya wadatar.

Ga wanda yake shirin fara kiwo da ɗan abin da ya tara, shawarata ita ce kuɗin ragama da na oda ya sa su a waya da katako da allurar rigakafi. Wanda bai tanadi wurin kwanan kaza ba, ya dakata da sayenta har ya tanada.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana su daga annoba.