Haɗiye magani daban, shigarsa jini daban

Da zarar damina ta kankama, masu zazzaɓin cizon sauro kan cika asibitoci tun daga Tawa har Damagaram. Maganin da likitoci suka fi rubutawa shi ne Coartem: ƙwaya 4 sau biyu a yini, har kwana 3, ga babban mutum. Sai dai da yawa kan sha shi da ruwa zalla, ciki wayam, alhali hakan na rage masa ƙarfi.

Dalili kuwa shi ne, kowace ƙwaya sai ta narke cikin hanji kafin ta shiga jini. Abin da bai narke ba, bayan gida za shi. Lumefantirin, ɗaya daga cikin sinadarai biyu na Coartem, ba ya shiri da ruwa, amma yana narkewa cikin mai. Bincike ya nuna abinci mai maiƙo na iya ninka abin da jiki ke tsotsa har sau 16. Kofin madara ko nono ya wadatar.

Masu harhaɗa magunguna na da dabarun shawo kan wannan matsala. Ta farko ita ce niƙa: dakakkiyar kanwa ta fi dunƙule saurin narkewa. Haka ake yi wa girisiyofulbin, maganin makero. Ta biyu, a narkar da sinadarin cikin mai, a ɗura shi cikin kwanso mai laushi. Ta uku, a narka shi da zafi tare da wani irin danƙo, ta yadda in ya huce ba zai sake daskarewa kamar gishiri ba. Da wannan dabara ce Kaletra, maganin sida, ya koma ƙwaya a 2005. Kafin nan kwanso ne da ke bukatar firiji, abin da ke da wuya a karkara.

Saboda haka ƙwayoyi biyu na iya zama da suna ɗaya, da nauyi ɗaya, amma aikinsu ya bambanta. Ɗan kasuwa ya san buhu biyu na gero kan yi daidai a sikeli, ɗaya tsaba, ɗaya rabinsa ƙaiƙayi. Maganin da ake talla kan tire, rana na dukansa, babu wanda ya auna narkewarsa. Arha ce wadda ba ta ado.

Mai iyali ya sayi magani a farmasi, ya tambayi yadda ake shansa, kuma ya tanadi madara kafin ya miƙa wa majinyaci ƙwaya.