Kar ka toshe amfilifaya cikin akwatin sifika

Jama'a, a Funtua da Malumfashi ana yayin haɗa amfilifaya da sifika a akwati ɗaya, don sauƙin ɗauka zuwa biki ko wa'azi. Dabara ce mai kyau, amma ni ban yarda a rufe akwatin ruf ba. Amfilifaya zafi take fitarwa. Ka toshe ta a zafin Afrilu, ai ka dafa kuɗinka!

Ka sa kafinta ya ware mata gurbi a sama, bayansa a buɗe. Ka shimfiɗa mata roba, don girgizar sauti na tsinka dalma.

Sannan ka duba ohm: sifika biyu masu 8, in ka haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma 4. In amfilifayarka ba ta ɗaukar 4, tana iya ƙonewa ana tsakiyar taro.