Sauya Ajin Windows: Ba Dole Sai An Yi Fomatin Ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwamfutarsa ya kai wa masu gyara, ko a Computer Village ta Ikeja ne, ko a Banex ta Abuja, ko kuwa a titin Beirut da ke Kano, da wuya a ce bai ji kalmar nan ta "fomatin" ba. Ita ce maganin da akan fara ambatawa a kan kusan kowace cuta. In na'ura ta yi nauyi, fomatin. In ta ƙi haɗuwa da injin buga takardu, fomatin. Abin da kalmar ke nufi kuwa shi ne a share duk abin da ke cikin rumbun ajiyar kwamfuta ƙaƙaf, sa'an nan a sake zuba mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, watau Windows, tun daga tushe. Akwai lokutan da yin haka ya zama tilas. Amma akwai wata bukata guda wadda ake share wa jama'a kwamfutoci dominta ba gaira ba dalili, ita ce bukatar ɗaga Windows daga ajin Home zuwa ajin Pro.

Ga yadda abin yakan faru. Ma'aikaci ya kai kwamfutarsa ofis don a haɗa ta da sauran na'urorin ma'aikata, sai a ce masa tasa Home ce, ba za ta shiga ba, sai Pro. Ya garzaya kasuwa, mai gyara ya zaro filash daga aljihu ya ce nan da awa biyu an gama. Ko da an kwafe masa takardu da hotuna kafin a share, abin da zai karɓa da maraice wata baƙuwar na'ura ce. Manhajar lissafin kuɗin da ya yi shekara uku yana aiki da ita ta tafi, lambobin sirrin da na'urar ta haddace masa sun tafi, injin buga takardu bai san ta ba, har allon rubutun da ya sha wahala ya daidaita don ya riƙa samun ƙ da ɗ da ɓ sai ya sake shi. Alhali kuwa aikin da ya kai shi kasuwa bai wuce rubuta haruffa da lambobi 25 a cikin wani ɗan gurbi ba.

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance abubuwa biyu da akan cakuɗa. Akwai zubi, akwai aji. Windows 7 da ta fito a 2009, da Windows 10 ta 2015, da Windows 11 ta 2021, waɗannan zubi ne daban-daban. A cikin kowane zubi kuma kamfanin Microsoft yakan kasa manhajar aji-aji gwargwadon kuɗin mai saye. A Windows 10 da 11 akwai Home don amfanin gida, Pro don masu sana'a da ƙananan ofisoshi, sa'an nan Enterprise da Education waɗanda manyan ma'aikatu da makarantu ke saye a sari. Abin da Pro ta fi Home da shi ƙididdigagge ne. Tana iya shiga ƙarƙashin kulawar babbar kwamfutar ofis. Tana da cikakken BitLocker, wanda ke kulle bayanai ta yadda ko ɓarawo ya ciro rumbun ya sa a wata na'ura ba zai karanta kome ba. Tana yarda mai ita ya shige ta daga nesa ta Remote Desktop, tana kuma da Hyper-V, wanda ɗalibai ke gwada wata manhajar a cikinsa ba tare da sun taɓa tasu ba. Sauri dai ba ya cikin lissafin. Wanda aka ce wa Pro za ta sa tsohuwar na'urarsa gudu, an yi masa romon baka ne kawai.

A zamanin Windows XP ta 2001, wanda ke son tashi daga Home zuwa Professional sai ya nemo faifan Professional ya sake zuba manhajar a kan ta da. Da Vista ta zo a 2007 sai aka ɓullo da wani tsari mai suna Windows Anytime Upgrade, amma shi ma yana bukatar faifai da dogon zama. Windows 7 ce ta sauya al'amarin. Daga kanta aka fara zuba kayan manyan azuzuwa tun farko a cikin rumbun kowace na'ura, sai dai a rufe waɗanda mutum bai biya kuɗinsu ba. Waɗanda suka yi amfani da 'yan ƙananan kwamfutocin nan masu Windows 7 Starter za su tuna cewa ko hoton fuskar allo ba a yarje musu su sauya ba, ba don na'urar ta gaza ba, sai don an ɗaure ta da gangan. Da an sa mabuɗin babban aji, cikin kamar minti goma sai ƙullin ya kwance.

Mai karatu yana iya tambaya, in dai kayan suna cikin na'urar da ya saya da guminsa, don me zai sake biya? Amsar kamfanin ita ce, ba manhajar ya saya ba, iznin amfani da ita ya saya, kamar ɗan haya da aka ba gida aka riƙe mabuɗan ɗaki biyu. Dabara ce ta kasuwa, ba kuwa dole ba ce, gama kamfanin Apple bai kasa tasa manhajar ta macOS zuwa ta gida da ta ofis ba. To, amma tun da haka tsarin yake, amfanin da ke ciki shi ne ɗan haya ba ya bukatar kwashe kayansa waje don a buɗe masa ɗakin da ke kulle.

Hanyar ba ta da tsawo. A Windows 11 sai a shiga Settings, a zaɓi System, sa'an nan Activation, a danna Change product key. A Windows 10 kuwa Activation yana ƙarƙashin Update & Security. Nan za a rubuta mabuɗin Pro, wanda yake rukuni biyar, kowane rukuni da harafi ko lamba biyar. Na'urar za ta yi 'yan mintoci tana shiri, ta mutu ta tashi da kanta, in ta dawo sai a tarar da takardu da manhajoji kowanne a inda aka bar shi. Wanda yake son ya tabbatar sai ya rubuta winver a gurbin bincike, zai ga sunan ajin da yake kai.

Wahalar duka tana wajen samun mabuɗi na halal. A shagon Microsoft Store da ke cikin na'urar, kuɗin tashi daga Home zuwa Pro dala 99 ne a farashin Amurka, wanda in aka juya shi zuwa naira ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar albashi. Sai dai kafin mutum ya taɓa aljihu akwai abin da ya kamata ya bincika, musamman in kwamfutarsa 'yar gwanjo ce. Tun daga Windows 8 ta 2012 masu ƙera kwamfutoci suka daina manna takardar mabuɗi a ƙarƙashin na'ura, suka koma dasa shi a cikin babban allonta, inda fomatin ba ya kai wa gare shi. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, rarar ofisoshi ne, kuma galibi da Pro aka sayar da su tun suna sababbi. Sau da yawa ɗan kasuwa yakan zuba musu duk abin da ya samu a filash ɗinsa, har a wayi gari na'urar da ke da haƙƙin Pro na halal tana tafiya da Home, ko ma da Windows ta sata. Mai gyaran da ya san aikinsa yana iya karanto mabuɗin da ke cikin allon da umurni guda, a sa shi a gurbin da aka ambata, ba tare da an biya kamfani ko kwabo ba. Tsofaffin takardun Windows 7 da ke manne a gindin wasu na'urori kuwa, tun watan Satumba na 2023 Microsoft ta daina karɓar mabuɗansu don halatta Windows 10 ko 11.

A nan ne kuma ake cutar jama'a. Akwai waɗansu mabuɗai na gama-gari, sanannu ga kowane mai gyara, waɗanda ke sauya aji amma ba sa ba da lasisi. Mai gyara ya sa ɗaya, ya nuna wa mai na'ura kalmar Pro a kan allo, ya karɓi kuɗinsa. Daga baya sai rubutun Activate Windows ya bayyana a kusurwar allo ya ƙi gushewa. Akwai kuma dabarar da ake yaudarar na'ura ta ɗauka ita ta wata babbar ma'aikata ce, ta hanyar tsarin da ake kira KMS. Shi wannan izni kwana 180 ne wa'adinsa in ba a sabunta ba, ga shi kuma 'yan manhajojin da ake yin sa da su akan ce sai an kashe mai gadin na'ura kafin su yi aiki, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya ja da baya. Sabo da haka kafin kuɗi su bar hannu, a haɗa na'urar da intanet, a buɗe shafin Activation a gaban mai gyara, a karanta abin da ya ce da ido.

Ba za a ƙi yi wa masu gyara adalci ba, domin akwai wuraren da gaskiya ke hannunsu. Ƙofar nan hawa take yi, ba ta sauka: daga Pro zuwa Home babu wata hanya da kamfanin ya amince da ita sai an sake zubi daga tushe. Haka nan wanda ke kan Windows mai 32-bit yana son mai 64-bit. Haka kuma na'urar da aka zuba wa irin Windows ɗin nan da wasu suka yi wa aski, suka cire mata sassa don ta yi sauƙi; ita kam ɗakunan da za a buɗe ma an riga an rushe su, mabuɗi ba shi da abin da zai buɗe.

Ko da yake sauyin ba ya taɓa takardu, ba a fafe gora ranar tafiya. A kwafe muhimman abubuwa zuwa wani wuri tukuna, a kuma tabbata batir ya cika ko janareta na tsaye da mai, gama ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya jawo fomatin ɗin da ake gudu. Wanda ya kunna BitLocker bayan ya hau Pro, na'urar za ta ba shi wata lamba mai alƙaluma 48. Ya rubuta ta a takarda ya adana a inda ba cikin kwamfutar ba. Ran da na'urar ta nemi lambar nan aka rasa, babu mai gyaran da zai iya fito da abin da ke ciki, ko a Ikeja ko a wani wuri.

Saura magana guda ga masu Windows 10. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da take ba wannan zubi a bisa al'ada, Home da Pro baki ɗaya, sabo da haka hawa Pro ba ya ƙara masa kwana. Na'urar da ta cancanci Windows 11 tana hayewa kyauta da ajinta, Home ta zama Home, Pro ta zama Pro. Amma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai ƙwaƙwalwa ta ƙarni na 8 zuwa sama, alhali kasuwannin gwanjo cike suke da 'yan ƙarni na 6 da na 7. Microsoft tana da wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna PC Health Check wadda ke faɗa wa mutum ko na'urarsa za ta haye ko ba za ta haye ba, kuma binciken bai fi minti ɗaya ba. Ita ya kamata a fara tambaya kafin a ƙirga dala 99.